Yadda Ake Wayar da Kan Ƙauyukan da ke Gefen Gandun Daji

Gandun dajin gwamnati ba shi da katanga. Ɗauki Falgore a kudancin Kano: ya shafi ƙananan hukumomin Doguwa, Tudun Wada da Sumaila, girmansa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, titin Kano zuwa Jos kuma ta cikinsa ya bi. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 ya zama wurin kare namun daji, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a sa shi cikin sababbin gandayen ƙasa guda goma, tare da fadamar Haɗeja da ke Jigawa. Duk da haka, ko marke zai kwana a tsaye ko zai wayi gari a buhun gawayi, maganar tana hannun mutumin da gonarsa ke bakin dajin. Da shi ake wannan aiki, kuma jawabi kaɗai ba ya hana shi sara. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk abin da za ka ce a bari, ka zo da abin da za a kama a madadinsa.

Tsarin nan na ƙauye ɗaya ne zuwa uku, na shekara guda, da mutum huɗu: kai, mace ɗaya mai iya magana da matan aure, mai jin Fulatanci, da ɗan garin da ake ganin mutuncinsa.

Kayan aiki

- Takardar izini daga ofishin gandun daji, kwafi uku.
- Ƙaramar lasifika mai caji, tabarmi, da goron gaisuwa.
- Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, biro, kwali da alƙalamin maka.
- Wayar da ke ɗaukar hoto da murya.
- Tef na awo. In babu, igiya mai tsawon mita 20 da aka ƙulla a kowace mita.
- Faranti biyu masu faɗi, gwangwanin da aka huda gindinsa da ƙusa, da kofin gilashi biyu.
- Ledar rainon dashen itatuwa 600, ko ledar fiya wata da aka wanke.
- Iri: kalwa, kuka, tsamiya, gawo, maɗaci, zogale, darbejiya.
- Shebur, manjagara, adda mai kaifi, baro, butar ban ruwa, abin yankan farce.
- Akwatin taimakon gaggawa da jarkar ruwan sha.

1. Izini da tsaro

Ka fara da ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma. Abu uku za ka nema: takardar izini, sunan malamin dajin da zai riƙa raka ka, da bayani a rubuce kan abin da doka ta yarda a ɗiba a wannan gandu da abin da ta hana. Na ukun ne aka fi mantawa. A taro za a tambaye ka ko busasshen itace ma haramun ne, ko mace za ta iya tsintar kaɗe, ko an yarda a ratsa da shanu. In ka amsa da ka, malamin daji kuma ya kama mutum a kan abin da ka halatta, ka gama aiki a garin.

Falgore ya sha fama da ɓarayin shanu da masu fashi a shekarun baya. Kafin kowace shiga daji ka tambayi jami'an tsaro da dagaci halin da ake ciki a wannan makon. In an ce a dakata, ka dakata, ka yi aikinka a gonakin gefe.

2. Gaisuwa

Kada ka faɗa gari da lasifika. Hakimi za ka fara gaisarwa, shi zai haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da masu unguwanni. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce "Ranka ya daɗe", ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice, ka ba da kwafin takarda. Daga nan sai liman, sarkin noma, sarkin baka, sarkin maƙera, shugaban makarantar firamare, da dattijuwar da mata ke jin maganarta. Arɗo kuma ka bi shi har ruga, da safe kafin a saki shanu. Wanda aka aika wa saƙo ta bakin wani yakan ɗauka an riga an shirya magana a bayansa, musamman inda akwai tsohuwar rigimar burtali.

A wannan zagaye kada ka yi alkawarin komai. Za a roƙi rijiyar burtsatse, taki, ko a ɗauki yara aikin gadi. Ka rubuta, ka ce za ka isar, ka kuma faɗa a fili cewa ba a hannunka yake ba. Kada ka fara raba kuɗin zama: ranar da ka zo babu, tabarma za ta zama wayam. In lokacin siyasa ne, ka guji motar ɗan takara da hularsa.

3. Sauraro da zana taswira a ƙasa

Wannan mataki shi ne gindin aikin, kuma sabon shiga ya fi son tsallake shi. Ka ba shi mako biyu zuwa uku.

Ka tara mutum goma zuwa goma sha biyar a inuwa, a share fili kamar taki huɗu a kowane gefe. Ka ba wani dattijo sanda ya zana garin, hanya, rafi da iyakar gandu. Toka ta zama iyaka, tsakuwa ta zama gida, ganye ya zama wurin da itace ke da yawa, gawayi kuma wurin da wuta ta ci bara. Kai naka tambaya: "Baba, a ina ake samun itacen girki yanzu? Da kuna samari a ina ake samu? Wuta daga wane ɓangare take shigowa, a wane wata? Wace bishiya ce da akwai, yanzu sai an yi tafiya?" Ka ɗauki hoton taswirar kafin a tashi, ka kwafe ta a kwali, ka bar kwafi ɗaya a gidan dagaci.

A sake yin haka da mata daban, makiyaya daban, matasa daban. Taswirorin ba za su zo ɗaya ba, kuma a bambancin nan ake gane matsalar. Mata za su nuna inda ɗorawa da kaɗanya suke da nisan tafiyar itace. Makiyaya za su nuna mashaya da burtalin da gona ta cinye. Matasa sun san inda ake toya gawayi da ranar da motar dillali ke zuwa, ko da ba su faɗa a ranar farko ba.

Kada ka rubuta sunan kowa a gefen laifi. Da zarar an ga kana rubuta "wane yana toya gawayi", ka zama ɗan leƙen asirin hukuma. Ka rubuta sana'a da yawan gidajen da ke cin abinci da ita: masu itacen sayarwa, masu gawayi, masu sassaƙa turmi da kirya, masu cire ɓawon maɗaci don magani, maharba, masu ɗiban zuma.

4. Zaɓen saƙo da lokacinsa

Daga abin da ka ji, ka zaɓi matsala biyu kawai na bana. Wanda ya zo da magana goma, ba a tuna ko ɗaya. Kowace kuma tana da watanta. Maganar gobara a Oktoba ake yinta, kafin ciyawa ta bushe. Raino daga Maris zuwa Afrilu. Gyaran kututture lokacin sharar gona, Afrilu zuwa Mayu. Dashe idan ruwa ya zauna: ƙarshen Yuni zuwa Yuli a kudancin Kano, a arewacin Jigawa kuwa sai Yuli ya yi nisa. Kada ka kira taro a tsakiyar noman farko ko ranar kasuwa. Ranar Gandun Daji ta Duniya, 21 ga Maris, ta dace da buɗe wurin raino a makaranta, amma kada a yi dashe ranar don a ɗauki hoto. Zafin bazara zai ƙone shi cikin mako.

5. Babban taro

A sa mai shela ya sanar kwana biyu kafin ranar, da sunan dagaci. Bayan la'asar ya fi, kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Liman ya buɗe da addu'a. Yana da kyau ka gana da shi tun kafin ranar, ka ce, "Allah gafarta malam, muna son a tuna wa jama'a hadisin dashe." Hadisin Anas ne da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, ya zama sadaka a gare shi. Daga bakin liman ya fi nauyi.

Maimakon dogon jawabi, ka yi gwajin faranti. Tun da safe ka yanko ƙasa da ciyawarta da saiwarta ka shimfiɗa a faranti ɗaya, ɗayan ka cika shi da ƙasa tsirara daga wuri guda. Ka jingina su a kan dutse su karkata daidai da juna. Ka kira yaro ya zuba ruwa gwangwani ɗaya a kan kowanne daga tsayin ƙugu, a tari abin da ya gangaro a kofi. Na tsirara zai fito da sauri, jajir da laka. Na ciyawa zai jinkirta, ya fito kaɗan, kusan garau. Ka bar kofunan su zagaya hannu. In ka karkata ɗaya fiye da ɗaya, ko ka jiƙa ɗaya tun farko, wani manomi zai gano, kuma ya yi daidai.

Sai ka haɗa shi da abin da suka sani. Kogin Kano ta Falgore yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ruwan Tiga ne ke noman rani a Kadawa, Kura da Bunkure, sauran ya haɗu da na Challawa ya zama Kogin Haɗeja. Lakar da ke cikin kofin nan ita ce ƙasar saman gona, kuma ita ce ke zuwa ta kwanta a gindin dam. Daga nan ka buɗe taswirar da suka zana da hannunsu, ka bar su su yi magana. A ƙarshe a tsayar da abu ɗaya da za a yi, da rana, da sunayen waɗanda za su jagoranta.

Taron mata a cikin gida ake yinsa, ko a islamiyyar matan aure, da hantsi, mace ce kuma za ta jagoranta. In babu mace a tawagarka, ka nemi malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibitin garin, ka zauna da ita ta fahimci gwajin, ta yi shi da kanta.

6. Abin da za a kama a madadi

Gyaran kututture. Wannan ya fi komai arha, kuma shi ke saurin rage shiga daji neman itace. A kowace gona akwai kututturen kalgo, sabara, magarya, aduwa ko gawo da ke tsiro duk shekara, ana sarewa lokacin shara. Saiwarsu tana da rai, ta riga ta kai ga ruwa. A kowane kututture a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa har rabin tsayinsu. Adda ta zama mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama; in aka sara daga sama, ɓawo yakan yage, gara da ruɓa su shiga. A ɗaura jan ƙyalle don a san an bar shi da gangan. A fara da kututture 20 zuwa 40 a hekta, a koma gyara bayan wata uku zuwa shida. Manoman Maraɗi a Nijar sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, ta kuma mai da itatuwa a miliyoyin hektoci na gonaki. Manomi zai ce inuwa za ta hana gero; ka nuna masa gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya kuma ba da taki da abincin dabba da rani. Abin da ke kashe wannan aiki shi ne sata: in wani zai sare abin da mai gona ya raina, ba wanda zai raina. Don haka dagaci ya shelanta a gaban jama'a cewa itacen da ke gona na mai gona ne.

Layin tare gobara. A ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba a yi gayya a share layi mai faɗin mita 6 tsakanin gonaki da daji, inda gamba ta yi tsayi a kai mita 10. A share har ƙasa, a tara ciyawar a tsakiyar layin, a ƙone ta da yamma idan iska ta kwanta, mutane na tsaye da ɗanyen ganye. Kada a kunna da rana, kada a kunna idan iskar hunturu na kaɗawa, kada kuma a sa wuta a cikin gandu sai malamin daji yana wurin. Ka zauna da sarkin baka kan masu sa wuta don gafiya, domin maganarsa ta fi taka shiga kunnen samari.

Makiyaya. Da rani suna sassabe maɗaci, kawo da madobiya don shanu. Cewa su daina ɓata baki ne. Abin da ake nema: kada a sare kan bishiya, a bar aƙalla rabin rassa, wadda aka taɓa bana a bar ta baɗi.

Masu zuma a nuna musu ɗiba da hayaƙi maimakon harshen wuta, da rataya amya a gefen gona. Mata kuma murhun laka mai kewaye tukunya, wanda iska ba ta kwashe wutarsa kamar na duwatsu uku. A gina ɗaya a gidan da aka fi shiga, a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a hura, in ba haka ba zai tsattsage.

7. Makaranta da wurin raino

Ka nemi malami ɗaya mai sha'awa da yara 20 zuwa 25, 'yan aji huɗu zuwa shida. Kafin komai ka duba ruwa. Makarantar da ba ta da rijiya kusa, kada a kafa raino a cikinta. A kai shi gidan mai unguwa ko bakin lambun wani. A kewaye da ƙaya ko zana tun kafin a cika leda ɗaya, don akuya ba ta jira.

Haɗin ƙasa: baro biyu na ƙasar saman gona, ɗaya na yashi, ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A tankaɗe, a ɗan jiƙa, a cika leda a bubbuga ta zauna. In ledar fiya wata ce, a yanke samanta, a huda gindi wuri huɗu. A jera a fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5; zai ɗauki leda kusan 500. A yi rumfar kara a sama wadda rana ke ɗan ratsawa.

Iri mai taurin ɓawo, wato kuka, kalwa, gawo, bagaruwa da kirya, sai an taimaka masa. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin, a bar shi ya kwana. Ko kuma a ɗan ɓalle gefen ɓawon da abin yankan farce, nesa da idon, a jiƙa a ruwan sanyi. Kada a dafa iri a kan wuta, kuma kalwar da aka riga aka dafa don daddawa ta mutu. Tsamiya jiƙon kwana ɗaya ya ishe ta. Zogale da maɗaci ba sa buƙatar komai. Darbejiya a shuka ta da ɗanyenta, don ba ta jure ajiya. Kaɗanya ma haka, cikin 'yan kwanaki take mutuwa, ga doguwar saiwa; gara a binne ƙwallonta kai tsaye inda ake son ta tsaya, da damina lokacin da take zuba.

A sa ƙwaya biyu a leda, zurfin ya zama ninki biyu na girman ƙwayar. Ban ruwa safe da yamma. Idan duka biyun sun fito, a cire mai rauni. Duk mako biyu a ɗaga kowace leda a matsar da ita, a datse saiwar da ta leƙo. In aka bari ta kama ƙasa, ranar ɗauka za ta tsinke, dashen ya mutu. Saura mako uku a dasa, a rage ruwa, a yaye rumfar a hankali. A rubuta wanda zai yi ban ruwa lokacin hutun makaranta, don a nan raino ya fi mutuwa.

Ramin dashe kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a mayar da ƙasar sama tukuna, a danna, a yi ɗan kwari don ruwa, a barbaɗa toka saboda gara, a kewaye da ƙaya. Ɗorawa, maɗaci da gawo tazarar mita 10, darbejiya a kan iyaka mita 4 zuwa 5. Kowane dashe ya zama da mai shi da suna. Kada ka ba gida ɗaya fiye da biyar a shekarar farko.

8. Kai yara bakin daji

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe, a dawo kafin azahar. Izinin iyaye, rakiyar malamin daji da maharbi ɗaya, babba ɗaya ga yara takwas. Kowa da rufaffen takalmi, ba sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda kububuwa da kunama. In maciji ya sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya: a kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Tun kafin tafiya ka san asibitin da ke da maganin dafi.

Aikin da za su yi: a ja igiya a yi fili mai mita 20 a kowane gefe. A ƙirga manyan itatuwa, kututturen da aka sare, da ƙananan tsiro. A auna kewayen kowace bishiya a daidai ƙirjin babba, mita 1.3 daga ƙasa. A yi fili ɗaya kusa da gari, ɗaya can ciki inda itatuwan doka da marke suka yi duhu, a kwatanta. In aka ninka adadin sau 25, an sami na hekta guda. Maharbin ya faɗi sunan kowace bishiya da amfaninta, ya nuna sawun dabba. Yara su rubuta, su je gida su tambayi kakanninsu wadda ba su sani ba. In tsaro bai ba da dama ba, a yi wannan awo a maƙabarta ko tsohon kurmin gari, inda ba a sara, a kwatanta da saurar da ke kusa.

9. Kwamiti da bibiya

Kwamiti ya zama mutum bakwai zuwa tara: wakilin dagaci, na arɗo, na maharba, mata biyu, matashi, malamin makaranta, da mutum ɗaya daga masu itace ko gawayi. In aka bar na ƙarshen a waje, duk abin da aka yanke a kansa aka yanke. A rubuta yarjejeniya a shafi ɗaya, da boko da ajami, a karanta bayan sallar Juma'a. Kwamiti ba ya kama mutum, ba ya cin tara. Nasa jan kunne da kai magana gaban dagaci, abin da ya shafi cikin gandu kuma na hukuma ne.

Ka riƙa komawa duk wata, ko da babu taro. Tsakanin ziyara, gajeren saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp, da muryar liman ko sarkin noma, yana yawo fiye da takarda. A littafinka ka rubuta abin da ake iya ƙirgawa: gonaki nawa aka gyara kututture, tsawon layin da aka share, sau nawa wuta ta tashi da inda ta tsaya, murhu nawa ake girki a kai. Dashe kuwa a watan Mayu ake ƙirga shi, bayan ya sha rani, a bi gida gida da sunayen da aka rubuta. Inda ya mutu a tambayi dalili, akuya ce, gara ce ko ƙishirwa, a cike gurbin da damina. Sakamakon a karanta shi a gaban dagaci da jama'a tukuna, sannan a kai kwafi ofishin gandun daji da fadar hakimi, a kuma zaɓi matsala biyu na shekara mai zuwa a wannan zaman.